Na ci ƙanzo mafi tsada a rayuwata a unguwar Cheongdam

Kawu ne ya ja ni. Shekarata uku ina karatu a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, amma ban taɓa zama na ci abinci a manyan gidajen Gangnam ba, sai dai in wuce ta ƙofarsu ina leƙe. Ya zo sayen kayan gyaran mota kamar yadda ya saba, harka ta yi albarka, sai ya dube ni a masaukinsa ya ce, "Kai ɗan nan, kullum Itaewon kake kai ni mu ci shinkafar 'yan Pakistan. Wai ina manyan garin nan suke cin abinci?"

Na ce, "Kawu, wurin fa akwai tsada."

Ya ce, "Aljihunka ko nawa?"

Nan na ja bakina na yi shiru.

Irin waɗannan gidajen ba a faɗa musu kai tsaye. Ta manhajar Catch Table na kama mana wuri, kuma sa'a ce muka taka, don wani ne ya fasa zuwa cin abincin rana ranar wata Laraba. Sai da na ajiye kuɗin kafin alƙalami, wanda in ka fasa a ƙurarren lokaci ya tafi ke nan. A gurbin da suka bari don bayani na rubuta musu da Koriyanci cewa mu Musulmi ne: ba alade, ba giya ko da a cikin girki, ba naman da ba yanka ba, har da romonsa. Kifi da kayan lambu kawai. Ana saura kwana biyu wata mata ta kira ni a waya tana bin abin dalla-dalla. Romon ƙashin saniya fa? Ƙwai fa? 'Yan jatan lande masu gishiri da ake sa wa kimci, kabejin nan nasu da ake tsimawa, fa? Wannan kiran ya kwantar mini da hankali sosai, wataƙila ma fiye da yadda ya kamata, kamar yadda za ku ji.

Ba zan faɗi sunan gidan ba, tunda ina da ƙorafi a kansu. Abin da zan ce shi ne yana cikin Cheongdam, ɗaya daga cikin unguwannin masu hannu da shuni na gundumar Gangnam. Ma'anar Gangnam ita ce kudancin kogi, wato kogin Han da ya raba Seoul biyu, kuma kafin shekarun 1970 yawancin wajen gonaki ne da fadamun shinkafa. Yanzu in ka fito daga tashar jirgin ƙasa ta Apgujeong Rodeo, katafaren kantin Galleria ne zai fara tare ka, sai jerin shagunan jakunkuna da agogo waɗanda ko farashi ba sa liƙawa a gilashi. Tun da littafin Michelin ya fara raba taurari ga gidajen abincin Seoul a ƙarshen 2016, wannan yankin ya kwashi rabo mai tsoka. Gidan abincin Mingles, wanda ya samu taurari uku a 2025, a nan yake. Namu bai kai wannan matsayi ba, amma tsarin ɗaya ne: ba ka zaɓar abin da za ka ci, mai girki ne ke jero maka kwano bayan kwano har ya gama.

Samun ƙofar ma aiki ne. Lungu muka shiga bayan babban titi, ba allo ba komai, sai wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu a jikin bango da samari biyu masu karɓar makullin mota. Mu da muka zo a ƙasa, ba su da abin karɓa sai gaisuwa. A hawa na biyu aka karɓi rigunan sanyinmu, aka kai mu tebur kusa da taga. Teburan ba su wuce goma ba, kuma shirun wurin har ya yi yawa. Kawu, wanda in yana waya a Ƙofar Ruwa sai layi guda ya san da wa yake magana, sai ga shi yana raɗa.

Abin da aka fara kawowa ƙananan abubuwa ne guda uku a kan wani faifan katako, kowanne loma ɗaya. Ɗaya ganyen teku ne da aka shafa wa kunun shinkafa aka busar aka soya, suna ce masa bugak, yana ƙaras-ƙaras a baki. Kawu ya haɗiye nasa, ya sunkuyo ya ce, "An fara ne, ko ɗanɗano ne?" Na ce an fara. Ya gyaɗa kai irin na wanda aka yi wa rasuwa.

Bayansa aka kawo jatjuk, kunu fari sol na shinkafa da ƙwayar itacen fayin. In ka tuna kunun gyaɗa ka cire masa sukari da tsamiya ka kusa, sai dai wannan ya fi laushi, maiƙonsa kuma yana daɗewa a harshe. Sai jeonbok, wata halittar teku mai ɓawo ɗaya, wadda suka ce daga tsibirin Wando aka kawo ta. Na taɓa cin ta a wani wuri na yi ta tauna kamar ganda. Ta nan an turara ta har cokali yana yanka ta. Akwai wani kwano da aka ɗora wa ƙwan kifi baƙi mai tsada da ɗan ganyen zinare. Gishiri kawai na ji, kuma a ganina don masu ɗaukar hoto aka yi shi.

Inda abin ya fara ma'ana shi ne da mai hidimarmu ta kawo wasu ƙananan kwanuka uku ba tare da wani abinci ba. Ɗaya baƙin ruwa, ɗaya abu mai kauri ruwan ƙasa, ɗaya ja. Ta fara bayani da Turanci, ina fassara wa Kawu. Bai jira na gama ba ya ɗauki na tsakiyar ya kai hanci. Fuskarsa ta sauya. Ya manta da raɗa ya ce, "Kai! Ai wannan daddawa ce!"

Kuma bai yi ƙarya ba. Doenjang ake kiran ta. Ana dafa waken suya a daka, a curo shi kamar tubali, a ɗaure da karan shinkafa a rataye ya ruɓa ya bushe cikin hunturu. Wannan curin shi ne meju. Daga nan sai a jefa shi cikin ruwan gishiri a manyan randunan ƙasa da suke kira onggi, a bar shi ya yi makonni. Ruwan da aka tace shi ne ganjang, baƙin nan. Tukar da ta rage ita ce doenjang. Jan kuwa gochujang ne, an haɗa garin meju da barkono da shinkafa. Duka ukun sunansu jang, kuma a Disambar 2024 UNESCO ta sa al'adar yin sa cikin jerin kayan gadon duniya. Matar ta ce nasu ya shekara da shekaru a randa, kuma da shi ake ɗanɗana kusan duk abin da ke fita daga kicin ɗin. Na lasa baƙin ruwan. Gishirin ba ya cizo, sai wani zaƙi-zaƙi da ke biyo baya can ƙasan harshe. Ba ya kama da na kwalba da nake saya a kanti ko kaɗan.

Ni kam sai na tuna Inna tana shanya daddawar kalwa a tsakar gida muna toshe hanci, da yadda yanzu amare da yawa ba sa yarda a ji warinta a kicin ɗinsu, sai dunƙule. Ga shi nan an zuba 'yar uwarta a kwanon tangaran ana yi mata kirari, attajirai na sauraro. Kawu ya tambaya ko za a ƙaro masa. Aka ƙaro.

Sai babban kwano, kuma nan ƙorafina na farko yake. A tsarin gidan wannan matakin naman hanwoo ne, saniyar Koriya da suke taƙama da ita, mai lambar 1++ wadda ita ce ƙololuwa a ma'auninsu. Teburin da ke kusa da mu aka kawo musu, jan nama mai zanen kitse, ƙamshin gawayi ya cika wurin. Mu aka kawo mana okdom, kifin tsibirin Jeju. Ba na raina kifin. An bar masa ɓawonsa aka kwarara masa tafasasshen mai har ɓawon ya miƙe tsaye yana ƙaras, cikin kuma fari mai laushi, a kan ɗan romon doenjang. Ya yi daɗi ƙwarai. Amma kowa a garin nan ya san hanwoo ne ke ɗaga kuɗin irin wannan jeri, kuma ko won ɗaya, wato kuɗin Koriya, ba a rage mana ba. Musulmin da zai je ya san da wannan: zai biya kuɗin sa, ya ci kifi.

A daidai nan ne na ga hannun Kawu ya nufi aljihun gaba. Na san abin da ke ciki, don ba ya tafiya ko'ina ba tare da ƙullin yajinsa ba. Kimcin da aka ba mu fari ne, marar barkono, shi kuma tun ɗazu yake cewa abincin ba shi da kuzari. Na ce, "Kawu, don Allah ka rufa mini asiri." Ya ce, "Da kuɗina?" Ya barbaɗa kaɗan a gefen kifin. Mai hidimar ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba. Ita ce kuma tun farko, da ta lura tsinkayen ƙarfen nan masu santsi suna ba shi wahala, ta ajiye masa cokali mai yatsu ba tare da ta ce uffan ba. A wajen iya hidima ban ga abin kushewa ba.

Shinkafa ce ta zo ƙarshe, kamar yadda suke yi. Kowa da 'yar tukunyarsa ta ƙarfe mai murfin katako, shinkafar garin Icheon da naman kaza, wato laimar kwaɗi, a sama, tururi na tashi. Matar ta kwashe mana a kwano, ta bar wadda ta kama a gindin tukunya, ta zuba ruwan zafi a kai ta rufe. Bayan mun cinye shinkafar da man riɗi da ganjang, ta buɗe ta ce ga nurungji. Kawu ya leƙa, ya dube ni, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Ƙanzo ne. Ƙanzon da muke kokawa a kai muna yara, wanda ake jiƙawa a yi kwaɗo da ƙuli. Ya ce, "Mun haye teku mun zo mun sayi ƙanzo." Amma ya shanye tas. Ni ma haka. Ruwan ya ɗauki ƙamshin ƙauri-ƙauri mai daɗi, ya wanke maiƙon bakin, kuma shi ne ya sa cikin ya zauna. Cikin kwanukan nan duka, shi da daddawar nake tunawa.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi. Da aka zo kayan zaƙi, wani saurayi daban ne ya kawo, ya ajiye mana farin askirim. Kawu har ya ɗauki cokali. Wani tsami-tsami da na shaƙa ne ya sa na dakatar da shi na tambaya. Saurayin ya ce da makgeolli aka yi shi, wato farar giyar shinkafa. Nan take ya gane, fuskarsa ta yi ja, ya kwashe. Shugaban masu hidima ya zo da kansa ya rusuna ya ba da haƙuri, aka sauya mana da ƙanƙarar fiya da ruwan omija, 'ya'yan itacen da suke cewa yana da ɗanɗano biyar. Haƙurin ya karɓu, amma da ban tambaya ba fa? Bayan doguwar wayar nan da aka yi da ni, wannan sakaci ne. Gidan ba shi da takardar halal, kicin ɗaya ne, tukwane ɗaya. Wanda zuciyarsa ba za ta natsu da haka ba, gara ya tsaya wuraren da ke kewayen babban masallacin Itaewon. Wanda kuma zai je, ya riƙa tambaya a kan kowane kwano, musamman miya da kayan zaƙi, kuma ya ambaci giyar girki da sunanta, mirim ko matsul, don da yawansu ba sa lissafa ta a matsayin giya.

Awa biyu da rabi muka yi a zaune. Kuɗin abinci won 190,000 kowane mutum, sai 40,000 kowannenmu na jerin shayi da ruwan 'ya'yan itace da muka karɓa a madadin giyar da ake haɗa wa sauran baƙi. Wannan na biyun ɓarnar kuɗi ce, shayin sha'ir ɗin da suke bayarwa kyauta ya isa. Jimla won 460,000, kuma ba a ba da tukuici a Koriya, abin da aka rubuta shi za ka biya. Kason bakina kaɗai ya fi abin da nake kashewa a abincin rana na wata guda a makaranta. Na dare ya fi haka tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ganin mai son gwadawa ya nemi na rana. Da kuɗina ba zan koma ba. In wani Kawun ya sake ɗaukar nauyi, ba zan yi fulako ba.

Babu wurin sallah a gidan, sai da muka hau tasi zuwa cibiyar taro da kasuwanci ta COEX inda akwai ɗakin sallah muka yi azahar. Muna fitowa Kawu ya ce in kai shi inda ake sayar da daddawar nan, zai tafi wa Hajiya da ita ta gwada a miyar kuka. Muka shiga sashen abinci na wani babban kanti, ya zaɓi kwalba biyu, ya juya ɗaya yana duba farashin.

Ya ce, "Kada ka kuskura ka gaya mata nawa na saya."