Wankin hoto a Zoo Road: aiki mai tsabta, amma a hana su gyara

Makon jiya na kai hotuna shida wani shagon wankin hoto da sanya firam da ke Zoo Road. Na ɗauke su ne da damina daga cikin adaidaita sahu, tsakanin Kantin Kwari da Ƙofar Mata, ta bayan ledar da direba ya sauke don tare ruwa, saboda haka mutanen da ke cikin hotunan ba su fito sosai ba, sai dai jar lema a nan, shuɗin rawani a can.

Da gangan na yi hakan, domin ina bin sawun Saul Leiter, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, wanda ya isa birnin Niyok a 1946 da niyyar zama mai zanen fenti, sannan ya shiga ɗaukar hotuna masu launi a titunan unguwarsu tun lokacin da manyan masu sana'ar suke ganin launi na 'yan talla ne kawai. Yakan ɗauki hoto ta gilashin da ya yi raɓa, wani lokaci da fim ɗin da wa'adinsa ya wuce, har launin ya kwanta kamar an shafa shi da buroshi. Ba shi kaɗai ya fito daga zane ba, don Cartier-Bresson, mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, shi ma a wurin mai zane André Lhote ya koyi tsara sura a Faris kafin ya rungumi kyamara.

A kan wannan salon ne muka saɓa da shagon. Yaron da ke kan kwamfuta, wanda hannunsa ya saba da hotunan biki, ya ƙara musu haske, ya kaifafa su, ya kuma yanke duhun gefen da kafaɗar direba ta tare, alhali duhun nan shi ne rabin hoton. Da na yi magana sai ya ce, "Malam, ai ba su fito ba ne, shi ya sa na taimaka musu."

Mai shagon dai ya yi dattako, ya sake wanke su ba tare da ƙarin ko sisi ba, kuma shi ya ba ni shawarar takarda marar sheƙi, wadda ta riƙe jan lemar nan bai yi ƙyalli ba. Kusurwoyin firam ɗin sun haɗu tsaf, ko da yake gilashinsu yana ɗaukar ido idan an rataye shi kusa da taga. Zan koma, amma zan rubuta "kada a gyara" a kan takardar karɓar aiki kafin in bar wurin.