Suwizalan ko Ostiriya? Amsar tambayar Hajiya

Hajiya ta tambaya jiya, wai ita da maigida da yara biyu suna so su yi kwana goma a dogon hutu, su ga duwatsu masu ƙanƙara da tafkuna da wuraren tarihi, tsakanin Suwizalan da Ostiriya ina ya fi. Toh Hajiya ni dai Ostiriya zan ce miki, amma bari in baje miki su ki gani da idonki, don akwai inda Suwizalan ta yi mata fintinkau.

Wajen duwatsu kam babu haɗi. Suwizalan tana da ƙololuwa 48 da suka haura mita 4,000, ita kuwa Ostiriya babban dutsenta Grossglockner mita 3,798 ne. Kuma ba tsawon ba ne kawai, su mutanen nan jirgin ƙasa suka shimfiɗa har can sama tun zamanin kakanni, na dutsen Rigi tun 1871 yake aiki, na Jungfraujoch kuma tun 1912, yana ratsa cikin dutse ya sauke ki a mita 3,454, wato kin ɗara Chappal Waddi na Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, da sama da mita dubu kina zaune a kujera ko gumi ba ki yi ba. Ko a watan Agusta akwai dusar ƙanƙara a wurin yara su taka su yi wasa. Sai dai fa tikitin babba ɗaya zuwa da dawowa daga garin Interlaken ya haura faran 200 na kuɗin ƙasar, kuma in kika yi rashin sa'a ranar gajimare ya rufe, farin hazo kawai za ki kalla ki sauko. Kar ki sayi tikitin tun daga gida, akwai kyamarori a saman da ke nuna yanayin kai tsaye a intanet, ki duba da safe tukun. Iskar can sama ma ba ta da kauri, wasu kan ji ciwon kai ko haki, a riƙa tafiya a hankali musamman da yara.

A Ostiriya abin da zai maye miki wannan shi ne Kitzsteinhorn kusa da garin Zell am See, motar igiya ake hawa, wannan akwatin da ke rataye a jikin waya, ta kai ki wajen kallo a mita 3,029, kuɗin kuma bai kama ƙafar na Jungfraujoch ba. In maigida mai son tuƙi ne akwai titin Grossglockner, kilomita 48 da lanƙwasa 36 masu kaifi, an buɗe shi 1935, da rani kawai ake bin sa kuma ana biya a ƙofa. Kyau akwai, amma gaskiya wanda ya tsaya a Zermatt ya ga Matterhorn tsaye shi kaɗai, mita 4,478, ko ya shiga kwarin Lauterbrunnen ruwa na zubowa daga bangon dutse ta ko'ina, ba zai ce ɗaya suke ba.

Tafkuna kuwa kunnen doki ne a wurina. Suwizalan nata manya ne kuma jiragen ruwa na zirga-zirga a kai kamar bas, Interlaken tana tsakanin tafkin Thun da na Brienz, ga na Luzern, ga na Janiba. Na Ostiriya ƙanana ne a jere a yankin Salzkammergut gabas da Salzburg, sun fi natsuwa in kika cire Hallstatt. Wannan ƙauyen da kike gani a hotuna mazaunansa ba su kai dubu ba amma dubban baƙi ke cika shi kullum da rani, har a 2023 mutanen garin suka fito suka tare hanya don sun gaji. In dole sai kin je ki isa da sassafe kafin manyan motocin baƙi, in ba haka ba ki wuce tafkin Wolfgangsee abinki, ruwan iri ɗaya ne babu turereniya. A duka ƙasashen biyu bakin tafki da rani wurin wanka ne da shan rana, ki san inda za ki shimfiɗa tabarma da yara.

Inda Ostiriya ta rama shi ne tarihi. Biyana, babban birnin ƙasar, fadar daular Habsburg ce har zuwa 1918, kuma har yau garin bai sauke girman ba, fadar Schönbrunn kaɗai ɗakuna 1,441 gare ta, a harabarta kuma akwai gidan namun daji tun 1752, yara za su wuni a nan ba su ce a tafi ba. Salzburg ga ganuwar Hohensalzburg a saman gari da aka fara ginawa 1077, nan aka haifi shahararren makaɗin nan Mozart a 1756, da cinikin gishiri garin ya yi arziki. Suwizalan ba ta yi irin wannan sarautar ba, abin da za ki gani shi ne tsohon garin Bern, gadar katako ta Luzern ta ƙarni na 14 wadda gobara ta ci a 1993 aka sake gyarawa, da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya a Janiba. Masu kyau ne amma rabin wuni kin gama kowanne. Ƴan'uwanmu na Nijar dai za su fi sakewa a ɓangaren Janiba da Lausanne tunda Faransanci ake yi, sauran yawanci Jamusanci ne kamar Ostiriya, Turanci kuma yana fitar da mutum a wuraren baƙi.

Yanzu maganar aljihu, wadda ita ce ta sa na ce Ostiriya. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, faran take kashewa kuma ya ɗan fi yuro daraja, otal da abinci da jirgi duk sun fi tsada, ku huɗu ku zauna gidan abinci sau biyu a rana kwana goma wallahi sai kin ji a jikinki. Abin da ke ceton masu iyali a can shi ne Swiss Travel Pass, yana ɗaukar jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa da gidajen tarihi sama da 500, kuma in uwa ko uba na da shi ana ba da katin iyali kyauta, yaro ƙasa da shekara 16 ba ya biya. Amma kar ki ɗauka ya haɗa da komai, Rigi yana ciki, Jungfraujoch ragi kawai ake yi. A Ostiriya kuma otal da yawa a Zell am See suna ba baƙonsu katin rani da ke rage ko ɗauke kuɗin hawa wasu duwatsun, ki tambaya kafin ki kama ɗaki. Ko'ina kika zaɓa ki nemi masauki mai kicin, ki tafi da yajinki da ɗan kayan miya busassu, banda kilishi da dambun nama don ba a barin nama ya shiga. Ruwan famfo ana sha, ranar Lahadi kuma kantuna a rufe suke sai na manyan tashoshin jirgi.

Abinci a kula. Fondue ɗin da ake yayi cuku ne da aka narka da giya, schnitzel na asali naman maraƙi ne amma mai arahar yawanci alade ne, in kika ga Schwein a takarda ki wuce. Interlaken da Zell am See duka Larabawan Gulf sun saba zuwa da rani don haka halal ba ya wuya, Biyana kuma ga Turkawa ko'ina. Ostiriya ta amince da Musulunci a dokarta tun 1912, babban masallacin Biyana an buɗe shi 1979, na Janiba 1978. Hijabi ba matsala, niƙabi ne ba a yarda ba, Ostiriya ta hana rufe fuska tun Oktoban 2017 tarar yuro 150, Suwizalan ta fara a Janairun 2025 tarar na iya kaiwa faran 1,000. Rana kuma a Yuni da Yuli sai wajen ƙarfe tara take faɗuwa, isha ta yi dare asuba ta yi wuri, ki tsara barcin yara da wannan.

Da ni ce da kwana goman nan, uku a Biyana, jirgin ƙasa awa biyu da rabi zuwa Salzburg a yi uku har da zagayen tafkuna, huɗun ƙarshe a Zell am See. In kuma maigida ya kafe sai ya ga Suwizalan, daga Innsbruck ta Ostiriya zuwa Zurich ta Suwizalan wajen awa uku da rabi ne a jirgi, sai ku yanke Biyana ku ba Interlaken kwana uku, amma kar ku ce za ku haɗa duka, a tasha za ku ƙare hutun kuna jan akwati.

Biza ɗaya ce ta Shengen ke shiga duka biyun, yuro 90 babba, yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12 yuro 45, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ƙa'idar ita ce ki nema a ƙasar da za ki fi daɗewa, kar ki karɓi ta Ostiriya alhali takardun otal ɗinki duk na Suwizalan ne, ana iya tsare ki da tambayoyi a filin jirgi. Duka biyun suna da ofishin jakadanci a Abuja, ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma tunda Agusta kike nufi ki fara neman ranar ganawa tun Maris don lokacin kowa ke rububi.