Wata uku ina sauraron labaran bincike na zamanin Sarauniya Biktoriya a cikin kemis

Ni dai a kemis nake aiki, kuma duk wanda ya taɓa zaman shago ya san akwai wani lokaci tsakanin azahar da la'asar da ko ƙuda ba ya leƙowa, kana kallon kwalayen magani suna kallonka. Da can TikTok nake kashe lokacin da shi har na ga data tana tafiya kamar aljihuna ya huje, sai wani abokina ya ce in gwada wata manhaja ta littattafan saurare, wani ne zai karanta maka kai dai ka sa iyafis a kunne. Na biya kuɗin wata ɗaya da niyyar gwaji kawai, yau ga shi wata uku, kuma kusan duk abin da na ji iri ɗaya ne, labaran bincike da aka gina a Landan ta zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901.

Da labaran mai binciken laifi Sherlock Holmes na fara, tunda shi ne sunan da kowa ya sani ko da bai taɓa buɗe littafin ba. Arthur Conan Doyle ne ya rubuta, likita ne ɗan Edinbara, labari na farko ya fito a 1887, gaba ɗaya dogaye 4 ne gajeru 56, kuma manhajar tana da su duka. Satin farko gaskiya na sha wuya. Baturen da ke karantawa yana haɗiye rabin kalma, ga tsohon Turanci, sai da na gano wajen rage gudun murya sannan na fara kama zaren. Duk wanda zai gwada ya fara da gajerun, yawancinsu ba su wuce awa ɗaya ba, ka gama shi kafin a kira la'asar.

Abin da ya riƙe ni shi ne mutanen nan ba su da komai. Babu waya a aljihu, babu kyamara a kan titi, ko ofishin duba zanen yatsu ma sai a 1901 'yan sandan Landan, wato Scotland Yard, suka buɗe, kuma a shekarar ne aka samo hanyar bambance jinin mutum da na dabba. To idan an yi kisa me za ka yi? Ido ne da ƙafa da tambaya. Ka durƙusa ka duba sawun takalmi a taɓo, ka shinshina tokar sigari, ka kalli inda hannun riga ya goge. Sai ya tuna min da wani tsoho mai bin sawu a ƙauyenmu, in an saci akuya shi ake kira, ya sunkuya ya daɗe yana kallon ƙasa ba ya ce wa kowa uffan, can ya miƙe ya ce ɓarawon yana ɗingishi kuma ya ɗauki akuyar ne a kafaɗa tun daga bakin rafi. Wallahi Holmes shi ne wannan tsohon, sai dai an sa masa kwat da hula an ba shi ɗaki a Baker Street, titin da Holmes yake zaune. Shi ma marubucin daga wani malaminsa na asibiti ya kwaso halin, Joseph Bell, wanda kan kalli majinyaci ya faɗi sana'arsa tun kafin ya buɗe baki.

Har ni ma abin ya shiga kaina na fara gwadawa a kan kwastomomi. Bakanike ba wuya, farcensa ya tona shi. Tela ma haka, za ka ga guntun zare a gaban riga. Rannan wani dattijo ya shigo da farin gari a yatsu da gefen wando, ni kuma na gyara murya na ce "Baba, yau an sha rubutu a allo ke nan, yaya ɗalibai?" Ya kalle ni shekeƙe ya ce "Yaro, ni mai fenti ne, ba ni maganin ciwon baya." Daga ranar na bar wa masu abin abinsu.

Ɓangaren da ya fi yi min daɗi, ƙila saboda sana'a, shi ne maganar guba. A waɗannan labaran in dai attajiri ya kwanta ciwon ciki ya mutu bayan ya canza wasiyya, to ka fara zargin asanik. Farin gari ne, ba shi da wani ɗanɗano da za a ji a shayi, alamominsa kuma amai da gudawa ne kamar kwalara wadda take kashe mutane a Landan a lokacin, ga shi ana sayar da shi a shago a matsayin maganin ɓera. Sai a 1836 wani masani James Marsh ya fito da gwajin da ke gano shi a jikin gawa, a 1851 kuma aka yi doka cewa dole mai sayarwa ya rubuta sunan mai saye a littafi, a kuma gauraya garin da kunkunniya ko shuni don kada ya ɓuya a abinci. Da na ji wani ɗan sandan ciki a labari ya shiga shagon magani ya ce a miƙo masa littafin guba, sai da na waiga na kalli namu littafin da muke rubuta magungunan da ba a bayarwa sai da takardar likita. Ashe abin tsoho ne. Kuma kada wani ya ɗauka zamanin nan ne ya kawo shaye-shaye, a lokacinsu ruwan ofiyam, wani abin maye, ake ɗura wa jarirai don su yi barci, shi kansa Holmes akwai labarin da aka buɗe da shi yana yi wa kansa allurar hodar iblis abokinsa Dakta Watson yana masa faɗa. Wannan wajen bai burge ni ba sam, don ina ganin irin yaran da ke zuwa suna rantse-rantsen tari alhali ba tari suke ba.

Lissafin kuɗinsu ya so ya rikita ni, sai kakata ta warware min. Na je gaishe ta na ce "Hajiya, wai sule nawa ne a fam?" Ta ce ashirin mana, kwabo goma sha biyu kuma sule guda, sisi rabin sule, taro rabin sisi, ta jero min su kamar jiya ta baro kasuwa, don da su aka yi ta ciniki a nan har zuwa 1973 da naira ta zo. Na ce mata Watson da ya dawo daga yaƙin Afganistan da rauni sule 11 da sisi gwamnati ke ba shi a rana kuma yana kukan talauci, ta riƙe baki ta ce wannan ai almubazzari ne. Yaran titi da Holmes ke aikawa su yi masa leƙen asiri kuwa sule ɗaiɗai yake ba su a yini. Tun daga nan in aka ambaci kuɗi a labari ina jin nauyinsa. Haka ma kan sarki da ake manna wa wasiƙa, na farko a duniya a 1840 ya fito kuma kan sarauniyar ne a jiki, ga shi mutanen labaran nan kullum cikin aika wasiƙa da tangaraho suke, ka aika da safe amsa ta dawo maka kafin dare a cikin gari.

Da na cinye Holmes sai manhajar ta fara turo min waɗanda marubutan yanzu suka rubuta amma suka mayar da labarin can baya. Su kam wani abu ne daban. Doyle yana rubuta wa mutanen da ke zaune a Landan ɗin ne, ba ya tsayawa yi musu bayanin keken doki ko fitilar gas, ya ce hazo ya sauka ya wuce abinsa. Na yanzu su ne za su zaunar da kai su nuna maka cewa hazon ba irin namu na hunturu ba ne, hayaƙin kwal ne na dubban gidaje ya haɗu da raɓa ya zama rawaya yana shaƙe mutane. Su za su kai ka kicin ɗin ƙarƙashin ƙasa wajen 'yar aiki da ke tashi tun asuba ta kwashe toka, su kai ka lungunan unguwar Whitechapel inda aka kashe mata aƙalla biyar a 1888 kuma har yau ba a kama wanda ya yi ba. A wajensu na ji labarin warin kogin Tems, wanda ya ratsa Landan, na 1858 da ya addabi 'yan majalisa har aka amince a gina manyan magudanan ƙazanta. Na ƙaru sosai, ba ƙarya. Amma wasunsu suna da surutu, marubuci ya yi bincike ya rantse sai ya juye maka duka, ana tsakiyar bin mai kisa sai a tsaya minti goma ana kwatanta labule. Sannan jarumansu sau da yawa tunanin mutanen yau ne da su aka sa musu tsofaffin kaya, ka ji mace ko ɗan sanda yana magana kamar jiya ya sauka daga Facebook. Ɗaya na bari a rabi saboda haka.

Tsofaffin ma suna da nasu. Duk wanda ba Bature ba in ya shigo labari, ko dai mugu ne ko abin tsoro, akwai wani mutumin tsibiran Andaman da aka kwatanta shi kamar ba ɗan Adam ba, dukiyar da ake kashe juna a kanta kuma daga Indiya aka kwaso ta ba wanda ya tambayi masu ita. Kana cikin jin daɗin labari sai ka tuna a mulkin Sarauniya Biktoriyar nan ne dai Lugga, Baturen mulkin mallaka, ya kafa tutar Ingila a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900. Ban daina saurare ba amma ina ji ina tsaki.

Ita manhajar kanta, muryar tana fita tas kuma za ka iya sauke littafi in ka samu sabis mai kyau ka ji daga baya ba data, wannan ya taimake ni ƙwarai. Matsalarta biyu. In waya ta mutu ba caji wani lokaci sai ta manta inda ka tsaya, na taɓa kunnawa ta jefa ni babin ƙarshe na ji sunan mai laifi alhali saura awa huɗu in isa wajen, ranar kamar in yi kuka. Na biyu, ba ta tambaya take cire kuɗin sabon wata, alat kawai na gani, kuma da yake da dala ake lissafin abin da aka cire ya ɗara na farko. Wajen kashe sabuntawar sun ɓoye shi can ciki sai ka tona. In maki zan bayar, labaran 9 cikin 10, manhajar 6.

Shawara ɗaya ga masu zaman shago, kunne ɗaya za ka sa. Akwai ranar da Holmes ya tara kowa zai faɗi wanda ya yi aika-aikar, ashe wata baiwar Allah ta yi sallama sau uku tana tsaye da yaro a goye, sai da ta buga kanta ta ce "Malam, magana fa nake!" Oga kuma yana daga ciki yana ji. Na ba ta maganinta na ba ta haƙuri, na sha faɗa na kusan kwata, labarin kuma sai bayan isha'i na ƙarasa shi a gida, kuma wanda na zarga tun farko ba shi ba ne.