Sharhi kan akwatin sauya fedal mai madauki takwas da matsalar raguwar ƙarar jita

Akwatin nan irin wanda ake jera fedal-fedal na jita (ƙananan na'urorin sauya sauti da ake takawa da ƙafa) a bayansa ne, kowane madauki, wato hanyar da sigina ke bi ta je fedal ta dawo, da ramin fita da ramin dawowa, ka taka maɓalli ɗaya ya shigar maka da fedal uku ko huɗu lokaci guda. Rile, wato makunnin da wutar lantarki ke motsawa, shi ke yin sauyawar a ciki, kuma akwatin ba shi da bafa ko ɗaya, wato da'irar da ke taimaka wa sigina ta jure doguwar waya. Bayan na yi aiki da shi, hukuncina shi ne yana yin abin da aka ƙera shi dominsa tsaf, sai dai ba ya rufa wa kowace waya asiri. Yawancin masu kukan cewa irin wannan akwati na cinye musu ƙara, laifin yana wani wurin.

Gwajin da ke raba gardama ba shi da wuya. Ka sa jita kai tsaye a amfilifaya, ka saurara, kada ka sake taɓa maɓallin ƙara. Sai ka bi ta akwatin, duk madaukai a kashe. Daga nan ka cire fedal na madauki na farko, ka haɗa ramin fita da na dawowa da gajeriyar waya mai lafiya, ka kunna, ka kashe. In ƙarar ba ta motsa ba, rile da jak (ramukan sa waya) na wannan madauki sun kuɓuta. Haka za ka bi su har na takwas. Da na yi wa nawa, babu madaukin da ya rage komai, kuma wannan ne babban abin yabonsa. Hannu ba ya kaɗa tsirkiya da ƙarfi iri ɗaya sau biyu, don haka ya fi kyau ka sa fedal mai naɗar kiɗa yana maimaitawa a gaba, ko sautin gwaji na 1 kHz, ka auna da mitar awon lantarki. Raguwar 6 dB tana nufin rabin ƙarfin siginar ya tafi.

Inda akwatin yake da rauni na gaske shi ne rashin bafa. Fikof ɗin jita (abin da ke ɗauko motsin tsirkiya ya mai da shi sigina) marar batir siginarsa ba ta jure doguwar tafiya, kuma wayar jita ta yau da kullum tana da kafasitans, wato halin waya na shanye kaifin sauti, kusan 100 pF a kowace mita ta tsawonta. Mita 6 daga jita zuwa akwati, wasu 6 zuwa amfilifaya, ka tara kusan 1,200 pF idan duk madaukai a kashe suke. Abin da ke fara tafiya shi ne kaifin sauti, kunne kuwa sai ya ji kamar ƙarar ce ta ragu. Da ka kunna fedal ɗaya, shi ke tura siginar a sauran wayar, sautin ya buɗe, ka kashe shi ya sake dushewa. Maganinsa bafa mai turjiyar shiga 1 MΩ a bakin akwatin, in wayar amfilifaya doguwa ce a ƙara wata a bakin fita. Ga mai kiɗa a dandali wannan ba zaɓi ba ne, dole ne, kuma ina ganin bai kamata a sayar da akwati mai girman wannan babu ita ba. Boss ES-8, wani akwatin sauya fedal, alal misali, yana da bafa a shiga da fita, ana iya kunna su ko a kashe.

A kula da abu biyu wajen sa bafar. Fedal na fos, mai dagula sauti ya yi kaushi, irin Fuzz Face yana son ya ji fikof kai tsaye, in bafa ta riga shi sai sautinsa ya yi tsauri, don haka shi ne a gaba. Na biyu fedal ɗin ƙara: mai 25 kΩ an yi shi ne don siginar da ta riga ta bi ta bafa ko fikof mai batir. Ka sa shi kai tsaye bayan fikof marar batir, zai danne ƙarar sosai. Can wurin mai 250 kΩ ko 500 kΩ ne.

Sai wayoyi. Madauki takwas waya goma sha shida ke nan, kawuna talatin da biyu, kuma irin waɗanda ake ɗaurewa da sukuru ba tare da dalma ba su suka fi kawo ciwon kai. Za ka ga waya lafiya lau a ido, amma silin jan ƙarfe ɗaya ya kauce yana shafar jikin kan wayar, ko sukurun ya yi sako-sako. Ka auna kowace: tsini zuwa tsini ƙasa da om 1, tsini zuwa jiki kada mitar ta nuna haɗuwa ko kaɗan, kana lanƙwasa wayar a gindin kai yayin awon. Jak ɗin da ya yi datti a fesa masa ruwan wanke mahaɗar lantarki, a sa kai a zare sau da yawa.

Idan madauki ɗaya ne kawai ke faɗuwa, duba maɓallin ƙarar fedal ɗin da kansa, domin akwatin ba shi da wurin daidaita ƙarar kowane madauki. Tsofaffin fedal na tiremolo (mai sa ƙara rawa) da na fesa (phaser, mai sa sauti shawagi) da dama haka suke, da an kunna su sai a ji sun ja baya. Idan kuma kana gauraya busasshen sauti, wanda bai bi ta fedal ba, da na fedal a layi biyu, sai ka ji ya sirance kaurin ya ɓace, to fedal ɗin yana juya siginar ne, biyun suna kashe juna.

Wuta ma tana da hannu. Rile na jan wuta, fedal na dijital kan nemi 300 mA ko fiye, kuma jera su duka a adafta ɗaya ta 9V yana iya sa ƙarfin ya faɗi. Ka ba akwatin layinsa shi kaɗai. Kafin ka kwance komai kuma, leƙa gaban amfilifaya: a tsarin amfilifayar Fender na gargajiya mai ramukan shiga biyu, rami na 2 yana rage 6 dB, yana kuma danne fikof fiye da rami na 1.

Wanda fedal ɗinsa suka kai biyar zuwa sama, akwatin zai yi masa amfani, amma ya sa kuɗin bafa da wayoyi masu dalma cikin lissafinsa tun farko.