Sharhi kan shimfiɗar tare mai a atisayen soja na yankin ƙanƙara

Shimfiɗar nan leda ce mai kauri, mai ɗagaggen baki, da ake sawa ƙarƙashin janareta ko motar mai don kada dizal ya taɓa ƙasa. A atisaye irin Nordic Response na Maris 2024, inda sojoji sama da 20,000 suka bazu a arewacin Nowe da Suwidin da Finlan, amfaninta ba kaɗan ba ne. Sanyi yana rage aikin ƙwayoyin halittar da ke cinye mai a ƙasa, don haka abin da ya zube yakan daɗe, kuma a nan dabbobin Samawa, 'yan asalin yankin, ke kiwo.

Wadda aka yi da robar PVC ba ta burge ba. Idan sanyi ya tsananta sai ta sandare, ta tsage daidai inda aka naɗe ta. Ta robar poliyuretan ta fi tsada, amma tana lanƙwasuwa. A zaɓi mai iya ɗaukar kashi 110 cikin ɗari na man da tanki mafi girma ke ci.

Babbar matsalar ita ce dusar ƙanƙara. Zafin janareta yana narkar da ita, ruwa ya cika shimfiɗar, man ya taso sama ya malala. Sai an riƙa dubawa, a tsane man da farin ƙyallen tsotsa kafin a zubar da ruwan. Farin ba ya shan ruwa, don haka ba ya kama ruwan lagireto; wannan aikin ƙyalle mai launin ruwan toka ne. A shimfiɗa katako inda taya za ta hau, domin sarƙar da ake ɗaura wa taya saboda santsin ƙanƙara tana huda ledar nan take.