Almakashi ko injin goga: wanne ya dace da kare mai tsoron yankan farce?

Malam, ka tambayi abin da za ka saya don yanke wa karenka mai tsoro farce: almakashi ko injin goga, wato ɗan injin lantarki mai goge farce. Ga kare mai firgita irin naka, almakashi za ka saya, ka bar injin goga inda ka gan shi. Almakashin da nake nufi shi ne mai siffar filaya, mai baki biyu lanƙwasassu da sifirin a tsakiya, ba na tela ba, ba kuma abin yanke farcen mutane ba. Farcen mutum shimfiɗaɗɗe ne, na kare kuwa zagayayye ne mai kauri, shi ya sa abin yankan namu ke matse shi har ya tsage.

Abu biyu ke tayar wa irin wannan kare hankali: baƙuwar ƙara, da daɗewa ana riƙe masa dagi. Almakashi mai kaifi ya kauce wa duka biyun. Kare na kwance a inuwa da la'asar, ya gaji da zagaye, wanda ya saba ba shi abinci ya tsuguna gefensa, ya ajiye masa faranti da aka shafe da tunkuzar gyaɗa. Yana cikin lasa a ɗaga dagin a hankali, a danna tafin da babban yatsa farcen ya fito, ƙas! Kafin ya ɗago kai an saki ƙafar. Wani karen ko waiwaye ba ya yi. A ranar farko farce ɗaya ya isa, gobe a yi wani. Farata 18 ne ga yawancin karnuka, biyar-biyar a gaba, huɗu-huɗu a baya, ba kuwa wanda ya ce sai an gama su a zama ɗaya.

Inda almakashi ke neman kulawa shi ne jijiyar da ke cikin farce, mai ɗauke da jini da jin zafi. A farin farce ana hango ta ja-ja, sai a tsaya kamar milimita 2 kafin a kai gare ta. Baƙin farce ba ya nuna komai daga waje, don haka yanka ake yi siriri-siriri, milimita 1 zuwa 2, ana duba fuskar wurin da aka yanke kowane lokaci. Da farko za ka ga fari busasshe kamar alli. Da ka ga ɗigon baƙi ko toka-toka mai sheƙi ya bayyana a tsakiya, to jijiya na bayansa, ka tsaya nan. Ka ɗan karkata bakin almakashin yadda ƙarshen farcen zai daidaita da ƙasa idan kare ya tsaya, kuma ka datse da ƙarfi sau ɗaya. Matsawa a hankali ita ke murƙushe farce ta sa kare ihu ko da ba a taɓa jijiya ba.

Idan an kai ga jini, kada a rikice, farce na zubar da jini fiye da girman raunin. A dangwala garin alif, wanda ake tace ruwa da shi, ko garin masara mai laushi, a danne da yatsa minti 2 zuwa 3 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. A hana karen gudu na ɗan lokaci, aikin ranar kuma ya ƙare ke nan. In jinin ya wuce minti 15 zuwa 20 bai tsaya ba, sai asibitin dabbobi. Alif ɗin a daka shi a ajiye kusa tun kafin a fara.

Injin goga, to, gaskiya yana barin farce sumul, kuma a baƙin farce ya fi wuyar kai wa jijiya farat ɗaya. Iyakar yabonsa ke nan. Yana ƙugi, yana girgiza yatsan kare har ƙashi, yana ɗaukar zafi in ya wuce daƙiƙa 2 ko 3 a kan farce ɗaya, yana naɗe gashi, ga neman caji. Karen da ke ɓuya in an tayar da janareta sai ya yi makonni kafin ya yarda da wannan abu a jikinsa. In laushin baki kake so, magagari ko samfefa za su yi maka bayan yanka.

Kafin ranar yanka, ka ba shi mako guda yana sabawa. Kwana biyun farko taɓa dagi kawai, a ba shi ɗan nama. Sannan a nuna masa almakashin ya sansana. Sannan a datse tsinken tsintsiya kusa da shi ya ji ƙarar, a ba shi nama. Naman ya zama dafaffe ba albasa ba yaji, ban da kilishi da tsire, domin albasa na lalata jinin kare. In ka ga yana lasar leɓe, ya kwantar da kunne, farin idonsa ya fito ko jikinsa ya sandare, ka sake shi. Mutum uku su danne kare a yanke masa farce, ranar an yi nasara, amma wata mai zuwa sai an nemi mutum biyar. Karen da ya taɓa kai cizo a sa masa takunkumi, shi ma a sabar masa da shi tukuna, kuma a tabbata allurarsa ta ciwon haukan kare ba ta wuce lokaci ba.

Kada a manta da ɗan farcen gefe da ke sama, wanda ba ya taɓa ƙasa. Shi ne ke lanƙwashewa ya shige nama ya yi ruwa. Karen farauta da ke gudu a kan fako da tsakuwa yana cinye sauran faratansa da kansa, amma wannan ba ya cinyewa. Karen gadi da ke ɗaure a kan rairayi, irin na gidajenmu a Daura da Katsina, ba abin da ke goge masa ko ɗaya, sai yanka duk mako 3 zuwa 4. In ka ji ƙwas-ƙwas yana tafiya a kan siminti, sun yi tsawo. Waɗanda suka daɗe ba a yanke ba, jijiyarsu ta biyo tsawon, sai a riƙa rage kaɗan duk mako tana ja da baya.

Sai batun masu sayarwa. Akwai almakashi mai ƙyalli da ƙarfensa bai fi gwangwani ba. Ka buɗe kwalin a gaban mai shago, ka haɗe bakin ka ɗaga wa haske: in haske na ratsawa, ko baki ɗaya na karkacewa, ka mayar masa. Ka gwada shi a kan tsinken sakace, mai kyau zai datse shi tsaf, marar kyau zai tauna. Wanda ya hana ka gwadawa ya san abin da yake sayarwa. Mafi haɗari su ne masu miƙo ƙwaya ko allura a kwalbar da ba rubutu, wai ta sa kare barci. Maganin kwantar da kare likitan dabbobi ne ke auna shi da nauyin karen. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin ibuprofen, suna lalata ciki da ƙodar kare, kada wani ya ce maka ka ba shi rabi.

Ka ɗauki almakashi matsakaici in karenka irin na gida ne, babba in irin manyan karnukan gadi ne, mai riƙon roba da ba ya zamewa a hannu mai gumi.