Masar, Maroko, Turkiyya ko Turai: ina ya dace da ziyara, ina ya dace da ci-rani?

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa yana son leƙa ƙasashen da ke kewaye da Tekun Bahar Rum, akwai tambayar da ya kamata ya fara amsa wa kansa kafin ya taka ofishin ejan: gani zan je yi in dawo, ko nema zan je yi in zauna? Ƙasar da ta fi daɗin ziyara ba lallai ita ce mai karɓar baƙon ma'aikaci ba, kuma bizar yawon buɗe ido ba ta halatta wa mutum aiki a ko ɗaya daga cikinsu. Yawancin wahalar da na ga 'yan'uwa sun faɗa a can, daga cakuɗa waɗannan biyun ta samo asali.

Masar ce ta fi sauƙin zuwa ga mutumin Arewa. Jirgin EgyptAir yana tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, kuma ba za ka yi kewar yare ba, don ɗalibanmu na Azhar sun cika unguwar Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir. Masauki da abinci suna da rangwame: kwanon koshari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, yana riƙe cikin mutum tun hantsi har la'asar. Abin gani kuwa sai ka gaji. Masallacin Azhar da aka aza tubalinsa a shekarar 970 yana daura da Masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili, duk tafiyar ƙafa ce. Akwai hubbaren Imamu Shafi'i, akwai dalolin Giza, ga kuma sabon babban gidan tarihi kusa da su da aka buɗe a Nuwamban 2025. Mai son ganin tekun kansa sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, tafiyar da ba ta wuce awa uku, ya tsaya a ganuwar Ƙaitbai ya sha iska. A Giza dai kada ka hau raƙumi ko doki sai kun gama ciniki tsaf, har da kuɗin dawowa.

Ta fuskar aiki ba na ba kowa shawarar Masar. Matasan ƙasar su kansu fita suke yi neman aiki a ƙasashen Larabawa masu mai. Doka ba ta barin baƙi su wuce kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan kamfani, sannan tun Maris na 2024 da aka saki darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. Albashin da za a ba ka da fam, in ka canza don aika wa gida, abin da zai rage ba zai kai wahalar ba. Masar ta karatu ce da asibiti da ziyara.

Maroko ita ce ta fi kwanta mini a rai, kuma a nan zan ɗan daɗe. Jirgin Royal Air Maroc yana zuwa Kasablanka daga Abuja da Legas da Yamai. 'Yan Nijar suna cikin waɗanda Maroko ta ɗauke wa biza ta gajeren zama, 'yan Najeriya kuwa sai sun nema. Daga Kasablanka jirgin ƙasa zai kai ka Fas, inda zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a 1815. Tsohon birnin mota ba ta shiga cikinsa. Lunguna ne matsattsu masu hawa da gangara, jaki da alfadari su ke ɗaukar kaya, in ka ji an ce "balak" daga bayanka sai ka manne da bango su wuce. Ran Juma'a bayan la'asar zawiyyar takan cika da masu zikiri, ga 'yan Sanigal, ga mutanen Kano da Damagaram, ga Larabawan gari, sahu ɗaya murya ɗaya. Ko kai ba ɗan ɗarika ba ne, wurin yana da natsuwar da za ka so ka zauna. 'Yar tafiya kaɗan daga nan sai Masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta gina a 859.

Kada ka bar Fas ba ka hau saman shagunan fata ka leƙa majemar Shuwara ba. A bakin matakala za a miƙa maka ganyen na'ana'a ka kara a hanci saboda wari. Daga sama za ka hango ramuka jere, wasu farare na jiƙo, wasu ja da rawaya da ruwan ƙasa, majema suna ciki har gwiwa suna tattaka fata. Wanda ya san cewa fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano ta bi ayarin Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, zai kalli wurin da wani ido daban. Bayan Fas, akwai Masallacin Hassan na Biyu a Kasablanka da aka kammala a 1993, hasumiyarsa mita 210, sai jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Al Boraq, da ya fara aiki a 2018, wanda ke kai mutum Tanja cikin awa biyu da 'yan mintoci. In gari ya yi garau, daga Tanja kana hango gaɓar Sifaniya, don mashigin ruwan a inda ya fi tsukewa kilomita 14 ne kacal. Wannan kusancin ya yaudari matasa da yawa suka shiga kwale-kwale.

Aiki a Maroko akwai shi, amma na mai jin Faransanci ne. Cibiyoyin amsa kiran waya a Kasablanka da Rabat suna ɗaukar 'yan Afirka ta Yamma, don haka ɗan Maraɗi ko Tawa da ya yi boko ya fi ɗan Katsina dama a nan. Mafi ƙarancin albashi ya ɗan haura dirhami 3,000 a wata, haya a Kasablanka kuma tana cin kaso mai tsoka. Kafin a tabbatar da kwantiraginka, a bisa ƙa'ida sai hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasar, ANAPEC, ta shaida ba a samu ɗan ƙasa da zai yi aikin ba.

Turkiyya ta 'yan kasuwa ce. Wanda ke da jari yana son sarin atamfa irin ta zamani, abaya, kwat, takalma ko kayan yara, Istanbul ta fi sauran nesa ba kusa ba. A unguwannin Laleli da Marter da Osmanbe ba a sayar da riga ɗaya, sai jeri, wato samfuri ɗaya daga ƙaramar lamba zuwa babba. In kun daidaita, yaron shago zai naɗe ƙunshin da salatif, ya rubuta sunanka da lambar wayarka da baƙar maka, ya tura a amalanke zuwa ofishin kago, a auna a kilo, kai kuma ka riƙe rasit ka jira kayanka a gida. Tsakanin ciniki da ciniki sai ka ziyarci kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Ayyub Sultan, da fadar Topkapi inda aka adana kayan tarihin Musulunci, da Ayasofiya da aka mayar masallaci a 2020, wadda tun Janairun 2024 baƙi masu yawon buɗe ido ke biyan yuro 25 kafin su shiga. Sai dai Istanbul ba ta da arhar da aka santa da ita a da, hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2022, kuma sanyinta daga Disamba zuwa Fabrairu ya wuce hunturun da muka sani.

Zama don aiki a can ya yi wuya ƙwarai. Mai kamfani ne ke nema wa baƙo izinin aiki, kuma ƙa'ida ita ce Turkawa biyar a kan kowane baƙo ɗaya. Tun 2022 aka tsaurara ba da iƙama, har aka rufe wasu unguwanni ga sababbin baƙi. Waɗanda bizarsu ta ƙare suka maƙale, a ɗakunan ɗinki na ƙarƙashin ƙasa suke ƙarewa, aikin awa goma sha biyu, kullum cikin fargabar 'yan sanda su tare su a tashar jirgi. Iyaye kuma su kula da ejan masu tallar makarantun Arewacin Saifurus da sunan Turai. Turkiyya kaɗai ta amince da yankin a matsayin ƙasa, takardar zama a can ba ta shigar da kowa Turai, kuma tun 2020 hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta gargaɗi iyaye a kan tura 'ya'yansu.

Libiya da Aljeriya ban sa su cikin zaɓi ba, ko da yake su ne talakanmu ya fi nufa ta Agadas. Ba mu manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a Oktoban 2013 ba, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance. Aljeriya tana kwaso baƙi ta zube su a kan iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa garin Asamaka na Nijar. Soke dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta yi a Nuwamban 2023 bai rage wa hanyar haɗari ko kaɗan ba.

Saura gaɓar Turai. Ga mai hali, kudancin Sifaniya ya cancanci kuɗinsa: Masallacin Ƙurɗuba da fadar Alhamra a Garnaɗa, birnin da ya fita daga hannun Musulmi a 1492. Tikitin shiga Alhamra yakan ƙare, sai an saya ta intanet tun da makonni. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, yuro 90 ce tun Yunin 2024, ba a mayar da kuɗin in an hana, tana buƙatar inshorar lafiya ta yuro 30,000, kuma kwana 90 kawai take bayarwa cikin kowane 180. Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba sun fi dacewa, a nan da ma sauran ƙasashen duka.

Hanyar aiki ta halal mafi faɗi tana Italiya. Gwamnati tana ware gurabe ga ma'aikata daga waje, 452,000 tsakanin 2023 da 2025, kuma Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da aka lissafa. Amma ba kai ke nema ba. Mai gona ko mai otal ne zai shigar da sunanka ta intanet a ranar da aka tsayar, a ba shi takardar amincewa, sannan ka je da ita neman biza. A nan 'yan damfara suke shigowa: su karɓi miliyoyi, mutum ya sauka ya tarar babu gonar babu mai gonar, ya koma baƙon haure yana tsinkar tumatir a yankin Fojiya ƙarƙashin dillalan leburori da ke yankar rabonsu daga ladan kowane akwati.

Saboda haka duk wanda ya ce ya samo maka aiki, nemi cikakken sunan kamfanin da adireshinsa, ka bincika da kanka, ka ga kwantiragi mai ɗauke da albashi da awannin aiki da wanda zai biya masauki, kuma kada ka bar fasfonka a hannun kowa bayan ka sauka. In biza ta fito, buɗe shafin ka duba nau'inta kafin ka cika sauran kuɗin ejan. A ƙasashen Shengen harafin C na gajeriyar ziyara ne, na doguwar zama da aiki kuwa D ne. In an yi maka alkawarin aikin shekara amma ka ga C, tsaya a gida ka nemi kuɗinka tun kana da inda za ka kai ƙara.